Jan Zare da Baƙin Zare

Zuwa ga Shugaban masu duba magunguna na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ina iyali? Ni tsohuwa ce a Matameye, ban yi lakwal ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Na farko, sana'ar nan gado na yi gun uwata. Man dogon yaro na shafawa, shi nake ɗaura wa jan zare a wuyan kwalba. Jiƙon sabara na sha, baƙin zare. Matan Yauri da Ɗan Barto duk sun san haka, ko makauniya ta aiko, cewa take a ba ta mai baƙin zare.

Na biyu, bayan sallar layya yaranka suka zo kasuwa suka kwashe mini kwalabe. Wai doka ta ce duk maganin da ba takarda a jikinsa, tara ce, in an sake kuma kaso, wato gidan yari. Ban yi gardama ba. Na ga yaran da maganin kan tebur ya lalata, dokar nan tana da gaskiyarta.

Na uku, na bi umarni. Na sa aka rubuto mini takardu da Faransanci, na cire zaren, na zauna na liƙa da hannuna. To ni baƙi duk baƙi ne a idona. Ashe na sa takardar na sha a jikin na shafawa. Maƙwabciyata Hajiya ta aiko 'yarta, yarinyar ta yi karatu, ta bi takarda ta kurɓi man. Kwana ta yi tana amai. Allah ya tashe ta, amma har yau Hajiya daga bakin ƙofa take amsa gaisuwata.

Yanzu ka duba mini. In na ɗaura zare, kaso. In na liƙa takarda, sai na kashe 'yar mutane. In na bari, da me zan ci, miji ya rasu?

Roƙona, a yarda zare ya zauna tare da takardar. Ko a buga mana hoton baki da na hannu, kowa ya gane. In ba hali, a turo wanda zai zauna da ni ranar liƙi.

Allah ya yi maka jagora, ya raya zuri'a. Kwalaben na ɗaki tsirara, ba zare ba takarda. Mata na sallama ina ce musu babu, alhali suna jin warin man daga zaure.

Wassalam.
Tsohuwa mai man dogon yaro, Matameye.