Ta'aziyyar Dakta Zailani, Mai Jefa Lemu a Kogin Gallmarsh

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, shugabanni, dattawa da ɗaukacin mambobin Ƙungiyar Al'ummar Hausa da Zango ta Thamesmead da Kewaye suna sanar da 'yan uwa mazauna Thamesmead, Lewisham, Edmonton da sauran unguwannin London, da na gida Najeriya da Gana, cewa mun samu labarin rasuwar ɗan uwanmu, malaminmu, kuma shugaban kwamitinmu na kula da muhalli, Injiniya Dakta Alhaji Zailani Ɗantani Yawuri, wanda Allah Maɗaukakin Sarki Ya karɓi ransa a farkon makon jiya, a cikin motar asibiti, bayan wani zazzaɓi mai zafi da bai ba shi wani dogon lokaci ba. Ya rasu ya bar mai ɗakinsa, Hajiya Sakinatu, da 'ya'yansu biyu, Fa'iz da Ameera, da mahaifiyarsa da ke Yawuri, wadda har yanzu take tambayar ko an rufe ɗanta.

Ba a rufe shi ba tukuna. Gawarsa tana hannun coroner, jami'in da dokar ƙasar nan ta ɗora wa binciken musabbabin mutuwar farat ɗaya, kuma mun san abin da wasu suke faɗa a kan haka, mun san bakunan da suke faɗa. Za mu zo kansu. Amma hakkin mamaci ne a fara da alherinsa.

Marigayi Dakta Zailani ɗan masunta ne. Ya tashi a bakin kogin Kwara yana jin tsofaffi suna ba da labarin yadda ruwa ya sauya hali bayan an datse shi, kuma ya sha gaya mana cewa wannan ne ya kai shi karatun injiniyan ruwa a Zariya, daga nan ya zo Ingila ya yi digirin digirgir, ya shafe shekaru yana koyarwa a wata jami'a a nan London. Yana da halin da zai koma unguwar masu hannu da shuni, amma ya ƙi. Ya zauna a flat ɗinsa na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Thamesmead, a benen sama, saboda ta tagar kicin yana hango inda ƙaramin kogin Gallmarsh yake shiga babban kogin Thames, Hajiya kuwa ta gaji da mita har ta haƙura. Shi ya koya wa yaranmu lissafi a ɗakin taron masallaci kowace Asabar ba tare da ya taɓa karɓar komai ba, yana yi musu tambaya da Hausa suna amsa masa da Turanci, yana harararsu, washegari kuma ya sake dawowa. Duk sabon ɗalibin da ya sauka daga gida bai san ko wace bus ake hawa ba, lambar Dakta ake ba shi.

Aikin da ya ci ransa kuwa shi ne na Gallmarsh, kuma wajibi ne mu bayyana shi dalla-dalla, domin akwai masu son a binne shi tare da mai shi. A can saman kogin akwai madatsar ruwa mai ƙofofi, wadda take hannun wani kamfani mai suna Brackenhythe. A ƙasa kuma, dab da mahaɗar kogin da Thames, akwai wani ƙaton bututu na kamfanin nan dai, wanda yake amayar da ruwan masai duk lokacin da injinansu suka cika. A da, ruwan da yake gangarowa daga sama shi yake tura wannan ƙazanta gaba har ta bi babban kogi ta nufi teku. Da kamfanin ya fara rufe ƙofofinsa a lokacin zafi yana tara ruwa don sayar wa masana'antu, sai kogin ya rasa ƙarfin tura komai. Ruwan teku kuwa sau biyu kullum yake haurowa ta Thames ya shigo kogin, sannan ya koma. Ruwan teku ya janye, ƙazanta ta bi shi kaɗan. Ruwan teku ya sake cikowa, ya dawo da ita, har ya wuce da ita sama da inda ta fito, ya zube ta a kan matakalar siminti inda mazanmu suke kamun kifi, yaranmu suke wasa da yamma. Haka take ta kai da komo, gobe a ƙara mata wata.

Dakta bai tsaya ga rubuce-rubucen masana kaɗai ba, duk da ya yi su. Ya san mu. Ya san idan ya kawo mana zane da lambobi, rabinmu barci za mu yi. Sai ya riƙa sayen lemu a kasuwar Lewisham, buhu guda, ya zauna ya sa wa kowanne alama da jan alƙalami, ya je bakin bututun ya watsa su cikin ruwa, domin lemu ba ya nutsewa, iska kuma ba ta cika jan sa ba, inda ruwa ya je nan yake zuwa. A lokacin sanyi, idan ƙofofi suna buɗe, lemun tafiya yake yi ba a sake ganin sa. Lokacin zafi kuwa, lemun da aka jefa ran Juma'a sai a tsince shi a gindin matakala wata Juma'ar, ya yi baƙi, yana wari. Mun yi masa dariya, ba za mu yi ƙarya ba. Matanmu sun ce almubazzaranci ne, samari suka sa masa suna Baban Lemu, shi ko a jikinsa. Ranar da ya rufe mana baki, roba ya kawo ɗakin taro cike da ruwan famfo, ya dama gishiri da zoɓo a kofi, ya zuba a hankali ta gefe ɗaya. Muna kallo jan ruwan ya nutse ya bi ƙasan roba yana rarrafe har ɗaya gefen, na sama kuwa fari tas. Ya ce haka ruwan teku yake yi saboda ya fi nauyi, ta ƙasa yake shigowa kogi, yana janyo dagwalon da ya kwanta yana kawo mana shi har ƙofar gida, kuma babu abin da yake mayar da shi baya sai ruwan daɗin da aka tsare a madatsa. Daga ranar babu wanda ya sake kawo kifin Gallmarsh walimar suna.

Ya kai wannan magana gaban council ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A zaman ƙarshe wakilin kamfanin ya miƙe, fes da shi cikin kwat, ya shaida wa jama'a cewa kogin yana wanke kansa da kansa kullum idan teku ta cika ta janye, don haka babu abin damuwa. Dakta ya tambaye shi, a gaban kowa, ko a gidansu idan aka wanke kwano da ruwa, a wannan ruwan ake sake wanke shi gobe da jibi. Aka ɗage zaman, daga baya aka yi cancel ɗinsa gaba ɗaya, wai ana jiran ƙarin bayani. Ƙarin bayanin ne Dakta ya je nema ranar da ya zame a kan matakala, wani tsohon ƙarfe ya yanke shi a ƙauri, ƙafar ta nutse cikin taɓon nan har gwiwa. Ya wanke, ya ɗaure, ya ce ba komai. Sai ƙafa ta kumbura, jiki ya ɗau zafi, sauran kuma kun ji shi.

Yanzu mun zo kan masu magana.

Tun kafin masu zuwa gaisuwa su cika falo, sai ga jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin Brackenhythe a ƙofar gidan marigayi, rungume da kambin furanni irin wanda ake ɗorawa a kan akwati. Wannan ma da sauƙi, ana iya cewa rashin sani ne. Amma mutumin da bai san ba ma kai wa mamaci furanni ba, ya san sarai cewa Musulmi suna gaggauta jana'iza. Wannan kam ya karanto shi da kyau! Ya ja wasu daga cikin dattawanmu gefe, ya nuna musu tausayi, ya ce kamfaninsu a shirye yake ya ɗauki nauyin a yi wa gawa hoton na'ura kawai, ba tare da an taɓa ta ba, a sallame ta da wuri a je a rufe kamar yadda addini ya tanada. Hoton na'ura yana nuna karaya da ƙari. Ba ya nuna irin ƙwayar cutar da ta shiga jini, balle a gwada ta da wadda take cikin taɓon Gallmarsh. Ya san haka. Tir da wannan hali, kuma Allah wadai da duk wanda zai mayar da sunnar Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin share sawun laifinsa.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne na cikin gida. Dattawan nan, waɗanda muke girmamawa kuma ba za mu ambaci sunayensu ba saboda furfurarsu, sun tashi sun tafi ofishin coroner da sunan iyali, suka ce iyali sun zaɓi hoton na'ura, alhali ko sallama ba su yi wa Hajiya Sakinatu a kan maganar ba. Mun yarda da nufin alheri suka yi, haka muka saba tun daga gida, maza su tsaya a kan gawa, mace tana ɗaki tana kuka. To, wannan karon matar ta share hawayenta ta fito. Ta kira lauyar ƙungiya, Barista Nanret Katung, suka tafi tare, ta shaida wa coroner da bakinta cewa ita ce matarsa, ba ta aiki kowa ba, kuma tana so a yi cikakken bincike ko da zai jinkirta jana'iza.

Tun daga ranar ba ta huta ba. An ce ta bar mijinta a firji kamar kifi. An ce zaman Turai ya cinye mata imani, an ce diyya take hange. Wasu sun ɗauki murya sun tura ta WhatsApp har Yawuri, suka sa tsohuwa mai ciwon hawan jini kuka, wai surukarta ta ba Turawa ɗanta su yanka. Haba jama'a! Ina kuke lokacin da mutumin nan yake yawo cikin taɓo saboda 'ya'yanku? Wallahi da yawan masu wannan surutu ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa zaman council ba, sai ka kira su su ce suna shift a wurin aiki. Limaminmu, Malam Fatawu, ya riga ya yi bayani a kan mumbari cewa gaggauta jana'iza shi ne asali, amma jinkiri saboda tabbatar da hakki da kare rayukan al'umma ba saɓo ba ne. Wanda yake ganin ya fi liman sani, ƙofar liman a buɗe take. Ƙofar mai takaba kuwa a bar ta ta huta. Ƙungiya tana tare da Hajiya Sakinatu ɗari bisa ɗari, kuma duk mamban da aka sake kamawa yana yaɗa irin wannan magana, ya ɗauka ya sallami kansa.

Muna sanar da jama'a cewa haƙurin baiwar Allah nan bai tafi a banza ba. An kammala binciken gawa, an ɗebi abin da za a ɗiba, coroner ya buɗe zaman bincike a hukumance, ya kuma nemi a kawo masa samfurin ruwa da taɓon Gallmarsh, tare da bayanin lokutan da aka rufe ƙofofin madatsa a bana. Ba za mu riga shi yanke hukunci ba. Amma tambayar da aka ƙi amsa wa Dakta yana raye, yanzu dole a amsa ta a gaban hukuma, bisa rantsuwa.

Jiya da hantsi Hajiya ta roƙi Ameera ta je ta dubo mata matakalar da mahaifinta ya faɗi. Yarinyar ta dawo da lemu guda a cikin leda, ya ruɓe ta gefe, amma jan alƙalamin yana nan, na cikin waɗanda ya watsa ne a fitarsa ta ƙarshe. Hajiya ta karɓa, ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ce a miƙa wa lauya. Abin da ta faɗa mana kaɗan ne: lemun nan bai tafi ba sai da aka gan shi, shi ma Dakta ba ta yarda ya tafi ba sai da aka duba shi, yanzu kuma a zo a kai mata mijinta.

Saboda haka za a yi jana'izar Injiniya Dakta Alhaji Zailani Ɗantani Yawuri ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, in Allah Ya kai mu. Bisa buƙatar iyalinsa, motar gawa za ta biya ta bakin Gallmarsh kafin ta wuce maƙabarta, ta tsaya a saman matakala daidai lokacin da ruwan teku yake cikowa, kuma ana roƙon duk mai rakiya ya sauko daga mota ya tsaya tare da shi. Dattawanmu suna sahun gaba. Jami'in kamfanin Brackenhythe ma muna gayyatar sa, a nan za mu mayar masa da furanninsa. Hajiya ta ce kada kowa ya toshe hanci.

Muna roƙon Allah, Mai rahama Mai jin ƙai, Ya gafarta wa Dakta Zailani, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa wahalar da ya sha saboda mu ta zame masa nauyi a mizani, Ya sada shi da Aljannar Firdausi. Allah Ya ba Hajiya Sakinatu, da Fa'iz, da Ameera, da mahaifiyarsa, da al'ummar Yawuri baki ɗaya haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya saka wa Hajiya da alheri a kan tsayuwar da ta yi ita kaɗai a lokacin da ya kamata mu tsaya mata. Wanda kuma yake da hannu a cikin abin da ya faru, Allah Ya tona shi tun a nan duniya. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.

Sa hannu:
Alhaji Abdul-Ganiyu Inusah
Kakakin Ƙungiyar Al'ummar Hausa da Zango ta Thamesmead da Kewaye, London
A madadin Shugaba da Majalisar Dattawa