Wasiƙu Huɗu da Suka Zama Toka

Litinin, 5 ga Mayu, 1975

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, zauna ka biya tara. Kacici-kacici: wane irin kaya ne ake ɗaura wa lamba da zare, a naɗe lambar a ƙyallen alharini a ɓoye kamar zinariya, shi kuwa kayan a neme shi a rasa? Kada ka zuba mini ido, ni ma ban san amsar ba.

Ga yadda aka yi. Gidan nan na unguwar Katfod, nan ƙasar Turawa, da ɗana Nata'ala ya saya, na wata tsohuwar Baturiya ne da ta mutu. Tun da arzikin fetur ya hau kan yaron nan, ba abin da yake gani da daraja sai sabo. Yau ya kawo leburori suka sauko da tarkacen saman silin, wai duk "rabish" ne, a zuba a ƙaton kwandon ƙarfen da aka girke a ƙofar gida. Ni da na zo zaman jegon matarsa Zinatu, ina ruwana. Sai ga wani ɗan akwati ya suɓuce ya buɗe a gabana. Wasiƙu ɗaure da kirtani, hoton wata mata mai hula, da ɗan kwalin nan mai lamba. Kwalin dai na ɗauke, shi nake sa alamar shafi.

Talata, 6 ga Mayu

Rubutun wasiƙun ba boko ba ne. Daga dama yake tasowa kamar na allo, sai dai baƙaƙen ba sa riƙe hannun juna, kowa na harkarsa kamar 'yan uba. A saman kowace takarda akwai baƙaƙe biyu iri ɗaya, daidai inda muke sa bisimilla. Ba sai malami ya gaya mini ba.

Na ce wa Nata'ala takarda mai sunan Allah ba ta shiga shara. Ya ce, "Inna, an riga an yi bukin ɗin motar shara, gobe za ta kwashe komai." Na ce to a yi bukin da kai ma. Bai yi dariya ba. Boko ya cinye masa haƙoran dariya.

Laraba, 7 ga Mayu

Na yi abin da uwata ta koya mini. Da hantsi na fita bayan gida da tsohon kwanon ƙarfe da ashana, na yi bisimilla, na fara da waɗanda raɓa ta fi ci. Ɗaya bayan ɗaya, cikin girmamawa, ba na bari ko toka ta taɓa ƙasa. Wata har da zanen hannu, na ɗauka hatimi ne.

Ina kan ƙona ta huɗu maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana ihu tana nuna shanyarta. Bakinta kamar an taka wutsiyar kyanwa. Zinatu ta fito da angona Almu a kafaɗa, ta kashe wutar, wai a garin nan hayaƙi ma sai da izinin kansil. Ƙasar da ake sumbatar kare a hana mutum girmama sunan Allah!

Saura takwas. Na tura su ƙarƙashin katifa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Da ma ban tambaya ba.

Zinatu ta ce rubutun ya yi kama da wanda ke jikin ƙofar Ephraim, mahauci Bayahude da muke sayen nama a wurinsa saboda yankansu ya halatta. Ni Sarkin Fawa nake ce masa, shi kuma Mama, alhali ya girme ni. Muka je. Na ce, "Zinatu, gaya wa Sarki yau ba ƙashi na zo ya cuce ni da shi ba, karatu na kawo." Ya yi dariya ya karɓa. Dariyar ta tsaya.

Ya wanke hannu har gwiwa, ya cire rigar aiki, ya juya allon ƙofa alamar an rufe shago. Abin da Zinatu ta juya mini da Hausa: wata uwa ce a birnin Biyana take rubuto wa 'yarta Hanna, da aka kawo gidan Baturiyar nan riƙo gab da Yaƙin Hitila. Ni yaƙin nan abin da na sani, ya ɗauke yayana zuwa Bama ya dawo da tari. Ban san an bi mutane gida-gida an kwashe su da tsofaffi da jarirai don kawai Yahudawa ne ba. Ya ce iyaye suka riƙa tura 'ya'yansu su kaɗai don ko su su tsira. Nasa 'yan'uwan ma ba wanda ya fita.

Sai ya jera takardun a kan teburin yanka. Ashe uwar lamba take sa musu. Ɗaya, biyu, biyar, shida, takwas, goma, sha ɗaya, sha biyu. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ɓera."

Zinatu ta juya masa da Turanci tana kallon takalminta.

Ya ce a saman kowace da sunan Allah, kamar yadda na zata. Su irin wannan takarda binne ta suke yi a maƙabarta kamar mutum. Ba sa ƙonawa. Ko naman ban karɓo ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Ɓera mai ashana.

Alhamis, 15 ga Mayu

Nata'ala ya ji. Ya ce, "Inna, don Allah ki yi shiru. Ƙasar nan ba unguwarmu Kurna ba ce, lauya za su ɗauko." Na ce wa ya ce a zuba su a shara? Ya ce ai shi bai ƙona komai ba. Ka ji ɗan yau. Da na bi tasa, da duk sha biyun suna juji, kuma da ba mai laifi. Ni da na tsaya musu ni ce ɓarauniya. Wannan lissafin ya fi ƙarfin ajin yaƙi da jahilcin da na yi.

Na huce a kan Almu. Na ce ango, ka ga ubanka? In ka yi halinsa na sake ka. Ya yi mini tumbuɗi a mayafi.

Laraba, 21 ga Mayu

Shiru. Ephraim ya ce yana cigiyar Hanna a wurin ibadarsu. Wancan ya san wata, wata ta san wani. Ruwa kullum, tuwon semo ba daɗi, jirgina ran takwas ga watan gobe. Allah Ya sa in tafi kafin a same ta.

Astagafirullah. Allah Ya sa a same ta.

Talata, 27 ga Mayu

An same ta. Malamar makaranta ce a wani gari, Lids. Ran Lahadi za ta zo.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ta zo tare da Ephraim. Doguwa, furfura ta fara, ba za ta wuce arba'in da huɗu ba. Ta tsaya a ƙofar falo tana kallon sabon kafet ɗin Nata'ala kamar tana neman wani abu a ƙarƙashinsa. Na ce Hannatu, sannu da zuwa gidanku. Na dafa mata shinkafa da miyar kaza, ko cokali ba ta ɗaga ba.

Ba ta iya karanta rubutun uwarta. Ta manta harshen. Ephraim ke karantawa yana juya mata da Turanci, Zinatu na raɗa mini da Hausa, maganar uwa ɗaya ta bi ta baki uku. Ki riƙa sa safa. Ki yi wa matar gida biyayya. Kada ki ci farce. Wallahi abin da nake rubuta wa autata Murja ke nan.

Ashe ko ɗaya ba ta taɓa gani ba. Baturiyar ta ɓoye su, wataƙila don yarinya ta daina kuka. Shekara talatin da shida tana zaton uwarta ta sa ta a jirgi ta juya baya.

Da aka zo kan lambobin da babu, ta miƙe tsaye. Ba sai an juya mini ba, na ga fuskar. Zinatu ta ce cewa take, "Ɓoyewar ba ta ishe ta ba, sai da ta lalata huɗu. Ni da nake kai fure kabarinta." Ephraim ya ce an ce ɓera ne. Ta ce wane ɓera ne ke cin takarda huɗu ƙaf ya bar takwas ko haƙori babu?

Nata'ala ya kafe ni da ido. Na tashi na ce yaro na kuka. Yaro na barci.

Litinin, 2 ga Yuni

Mai rai ka iya roƙonsa gafara. Matacciya fa? Ta ɗauki nata laifin, ga shi na ɗora mata nawa, kuma ba ta da bakin musu. Na yi sallar la'asar sau biyu don ban san raka'a nawa na yi ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Hannatu za ta ba da wasiƙun ajiya a wani ɗakin adana takardun mutanensu a wajen Malibon, ta riƙe hotonsu. Sun ce in zo in faɗi yadda aka tsince su. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni da Zinatu, ina ta salati.

Ɗaki ne sanyi ƙalau, akwatuna har sama. Matar wurin da farar safar hannu take ɗaga takarda, kamar mai ɗaukar jariri ranar suna. Ni da na ɗauke su da hannun da na gama yanka albasa. Ta kunna rikoda ta ce in fara.

Na iya labari, kowa ya sani a Kurna. Na shirya na ɓeran tsaf, har da launinsa. Na buɗe baki sai na ji na ce, "Zinatu, faɗa musu ni ce. Kuma in kika rage ko kalma ban yafe ba."

Na faɗi kwanon, da ashanar, da dalilin. Hannatu ta fita. Na ce shi ke nan, a kira ɗan sandan, dama na gaji da semo.

Ta dawo ido jawur ta zauna daf da ni. Ta ce me na gani a jikinsu? Na ce 'yar nan, ban iya karatunku ba. Ta ce ko mene ne. Na rufe ido. Ɗaya da shuɗiyar tawada, ɗaya da fensir, rubutun ya cika har gefe. Ɗaya gajera ce, layi biyar. Ɗaya kuma an ɗora hannu an zagaye shi da alƙalami, babba, da wani ƙarami a cikinsa.

Ta ce, "Ƙanena."

Ta shimfiɗa farar takarda ta ce in nuna girmansa. Na zana yadda na tuna. Bai fi na ɗan shekara biyu ba. Matar wurin ta karɓi zanen nawa da safar nan tata, ta sa shi tsakanin ta shida da ta takwas.

Ba ta ce ta yafe ba. Ban tambaya ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Jirgi ya tashi jiya ba ni. Na ce wa Nata'ala a ɗaga tafiyar, Almu na mura. To, ya yi atishawa sau ɗaya. Matar ɗakin takardun nan tana so in koma, ko zan tuna wace ce ta uku wace ce ta tara. Ba don su ba, jirgin ƙarƙashin ƙasar ne ya fara yi mini daɗi.

Da safe na kama Nata'ala zai jefa ambulan ɗin wasiƙar Murja a shara. Ban san na yi tsawa haka ba sai da maƙwabciya ta leƙo.

Hannatu ta biyo sallama kafin ta koma Lids. Ta ci shinkafar, har ta ƙara. Na zare ɗan kwalin daga littafin nan na miƙa mata, na ce ga sauran satar. Ta warware zaren, ta ɗaga shi daidai wuyanta. Ba ya zagayawa yanzu.

Kai mai leƙe, ga amsarka. Kayan yarinya ce, shekararta takwas, uwarta ce ta ɗaura mata lambar a tashar jirgi.