Katin Yaya Orfilia

El Juncal, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayata Orfilia,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Eleuterio da 'yata Yesenia. Ya aikin ɗinki, ya ciwon bayan? Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya hana kabar malfa bushewa.

Don Chabelo direba ya kawo min takardar sakamakon gwajin asibiti jiya. Sai da na zauna kafin in buɗe. Lafiya lau, Yaya! Bakin mahaifata ba komai. Na karanta sau uku, na tafi coci na kunna kyandir, na dawo na sake karantawa. Sunanki ne a sama, amma ni da ke mun san mai jikin.

Har yanzu dariya nake in na tuna ranar. Nas ta dubi hoton katin inshorarki, ta dube ni, ni kuwa na washe mata wushiryar gidanmu. Da ta tambayi haihuwa na ce biyu kamar yadda kika koya min, ban ambaci huɗuna ba. Amma da ta ce, “An taɓa yi miki aiki?” sai bakina ya riga ni, na ce sau ɗaya, wajen haihuwar auta. Ta rubuta, ba ta ko ɗago kai ba. Ke da ko allura ba kya so, ga shi an yi miki tiyata a takarda.

Ta ce tunda lafiya, sai bayan shekara uku. Na ce ba duk shekara ba ne? Ta ce a'a, an daina, ukun ta isa ga wadda aka samu lafiya. Allah ya saka miki. Sau biyu ina yin gwajin nan a ɗakin shan maganinmu, a ce an aika Tegucigalpa, babban birnin ƙasa, har yau sakamakon bai dawo ba. Na asibitin kuɗi kuma kin san malfa nawa zan saƙa kafin in haɗa shi.

Saura ke. Shekara bakwai kenan rabonki da gwaji, kullum kina cewa shugabar layinku a masana'anta ba ta ba da izinin fita. Kuma ban manta da zanen nan mai jini da na ga kina wankewa a ɓoye ba. Ki je.

Ga kofi da wake na aiko. Taki har kullum,
Nolvia

El Juncal, 2 ga Yuli

Yaya Orfilia,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Allah ya sa jikin da sauƙi.

Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Kin ce kin je asibiti, kin faɗa musu kina ganin jini ba lokacinsa ba, likita ya duba kwamfuta ya ce wata huɗu da suka wuce an gwada ki kuma lafiya lau, wannan shekaru ne kawai, al'ada ce ke shirin ɗaukewa. Ya ba ki ƙwayoyi, ya ce gwaji sai nan da shekara uku. Ke kuma kika ce na gode kika fito.

Kika ce na gode! Yaya, wa aka gwada? Likitan bai yi laifi ba, abin da muka rubuta masa ya karanta. Ni ce na kwanta a gadon nan, ba ke ba. Ashe gaskiya ne, kayan aro ba ya rufe katara, sai dai wannan karon mai kayan ce aka bari a tsirara.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarshen wasiƙar, inda kika ce uwa ɗaya uba ɗaya muke, jini ɗaya, tunda ni lafiya ke ma lafiya. In wasa kike, bai ba ni dariya ba. In kuma da gaske kike, to ki tuna Mama da Inna Chayo ma ciki ɗaya suka fito. Inna Chayo tana raye can birni tana zagin kaji, Mama kuwa shekararta arba'in da tara muka binne ta. Ita ma da zanen ɓoye ta fara. Ke ce kika riƙa juya ta a gado, ba sai na tuna miki warin ɗakin nan ba. Shekarunki arba'in da shida yanzu.

Na sayar da aladen. Ga kuɗinsa, lempira, a cikin ambulan, sun isa gwaji a asibitin kuɗi. Ki je ranar Asabar, ba ruwan shugabar layi da Asabar ɗinki.

Ƙanwarki da ke cikin damuwa,
Nolvia

El Juncal, 11 ga Agusta

Yaya,

Ina fata kina lafiya, duk da ba ni da hanyar sani, tunda kin daina ɗaukar wayata in na kira daga shagon Doña Tula.

Don Chabelo ya dawo min da ambulan ɗina ko buɗe shi ba a yi ba. Ya ce kin tsaya a bakin mota kin ce, “Ka faɗa wa uwar iyayi ban mutu ba tukuna, ta sayi wani aladen.” Ya yi dariya yana faɗa min. Da na tambaye shi yadda ya gan ki sai dariyar ta tsaya, ya ce kin rame, kuma kina dafa ƙugu in za ki taka.

Na san abin da kike tsoro, ba sai kin faɗa ba. In asibitin kuɗi suka ga wani abu, magani sai a asibitin inshora, can kuma fayil ya ce lafiyarki lau, dole a tambaya, dole maganar kati ta fito. Kina gudun a karɓe katin, a kai zance masana'anta, a sallame ki bayan shekara goma sha takwas kina ɗinka hannun riga, Yesenia kuma tana ajin ƙarshe. Duk na sani. Ni ma ina kwana da shi ina tashi da shi, don ni na jawo. Kin taimake ni ne, na saka miki da toshe miki ƙofa.

Amma ki dubi Allah ki gaya min, aikin nan wa zai yi shi in kin kwanta? Mama ma cewa ta yi a bari sai an gama girbin kofi.

Takardar da na manna a bango kusa da hoton Mama, na cire ta. Ba na iya kallon sunanki da kalmar “lafiya” a ƙarƙashinsa.

Na ba ki zuwa ƙarshen wata. In ban ji kin je ba, zan zo da kaina, kuma ba gidanki zan fara zuwa ba. Kin san halina.

Nolvia

Birni, 3 ga Satumba

Yaya Orfilia,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba. A gidan Inna Chayo na sauka, Yesenia za ta miƙa miki wannan tunda kin rufe min ƙofa.

Gara ki ji daga bakina yadda aka yi. Na je asibitin da takardar a hannu, na nemi nas ɗin da ta gwada ni. Na ce mata ni ba Orfilia Sabillón ba ce, ƙanwarta ce. Ta ce, “Baiwar Allah, mata nawa nake gani a rana? Ni zan tuna fuskarki?” Na ce ta duba fayil, an rubuta tiyata ɗaya. Sai na ja labule, na ɗaga riga na nuna mata tabon. Na ce ta kira mai katin ta duba cikinta, in ta samu ko ƙwarzane a ɗaure ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta duba tabon. Sannan ta ce, “Kin san abin da kuka yi laifi ne?” Na ce na sani, yayata tana zubar da jini wata shida. Ta ɗauki fayil ta shiga wurin likita. Na zauna a benci ina jiran 'yan sanda. Ba su zo ba. An dai sa na rubuta bayani na sa hannu, an ce maganar kati za ta je ofis, ba su san abin da za a yanke ba.

Shi ya sa aka kira ki ta masana'anta a gaban mutane. Ban so ya zama haka ba. An ce gobe ƙarfe takwas za a duba ki. Zan tsaya a bakin ƙofar asibiti. Ba sai kin kalle ni ba, ki dai wuce ciki.

Nolvia

El Juncal, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin, ya ƙarfin hali? A gaida Eleuterio, a ce na gode da yake kira na a ɓoye.

Ya gaya min komai. Sankara ce, amma ba ta bar inda ta fara ba, za a cire mahaifar ranar sha huɗu ga watan gobe. Ya ce likita ya ce da an jira shekara ukun nan, da ba wannan maganar ake ba. Ya kuma ce an bar miki katin saboda aikin da za a yi, amma masana'anta ta dakatar da ke, kuma ba tabbas za su mai da ke. Na yi kuka a kan duka biyun, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ya ce kin rantse ba za ki sake yi min magana ba, wai na tona miki asiri na ci amanarki. Gaskiyarki ne, na ci. Zan zo ranar sha uku da tabarmata, in kwana a ƙasan gadonki, in yi miki wanki, in dafa miki romon kaza. Ba sai kin ce min uffan ba, kya iya nuna abin da kike so da yatsa.

Ki yi fushi da ni, Yaya. Ki yi shekara talatin kina fushin, har mu tsufa kamar Inna Chayo kina juya min baya a coci. Shekarun nake nema miki, abin da za ki yi da su kuwa ke kika sani.

Ƙanwarki,
Nolvia