Misalin Binnen Nawa Ne

Makoda, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu a ƙofar gida ƙanena Nasiru, ɗan jami'a, yake wa dattawa bayanin ƙanjamau. Ya ce idan ƙwayoyin garkuwar jiki suna hutawa, cutar ba ta samun abin hayayyafa a cikinsu. Wai kamar binne ne, iri ba ya tsirowa sai ruwa ya sauka.

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ji masu ilimi!"

To ni fa? Shekara da shekaru ina gwajin jini a asibitin garin nan. Misalin binnen ma ni na ba shi jiya, ina goye da shi a babur. Wallahi ko kallona yaron nan bai yi ba.