Ni Na Ɓoye Makullin Babur Ɗinka

Assalamu alaikum Baban Hadiza,

Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Amma jiya na fita takaba, kuma akwai maganar da ta tokare ni a wuya tun ranar da aka kai ka makwancinka.

Ka tuna dariyar da mutanen Dauran ke yi maka? Duk shekara in an gama girbi sai ka ɗaure Duna, karen farautarka, a kwando bayan babur, ka tafi Ƙaura a yi mai allurar rigakafi. Ni ma na yi maka dariyar. Da hanya ta ɓaci da 'yan bindiga, ni ce na ce allura biyar ta ishe kare guda. Ka ce ba haka likitan dabbobi ya faɗa ba, sai an riƙa sabuntawa muddin yana raye. Na dage har ka ƙyale. Shekara uku ba a kai shi ba.

Sai wani baƙon kare ya shigo gari ya yage mai kunne. Bayan sati uku Duna ya daina sanin sunansa. Ranar da ka miƙa mai ruwa da azahar ya kama wuyan hannunka, ya ƙi saki. Ina jin ƙarar haƙoransa a ƙashinka. Na ɗauki taɓarya na sauke mai a ka. Ban san sau nawa na buga ba. Sai da ka riƙe ni da hannunka mai lafiya, jininsa har fuskata.

Ka ce da safe za ka tafi asibitin Ƙaura a yi maka allura. A wannan satin ne 'yan bindiga suka tare mota a hanyar, suka harbe direba, suka kora fasinja daji. Ba wanda zai ɗauke ka. Sai babur ɗinka.

Makullin bai ɓata ba, Baban Hadiza. Ni na tura shi cikin buhun gero, don tsoron kada su tare ka a hanya. Ina kallonka kana zazzage aljihu, kana ɗaga tabarma, har na taya ka nema. Na wanke ciwon da ruwan zafi, na sa toka, na ce ai ya kama warkewa. Da ya rufe, kai ma ka bar maganar.

Kwana arba'in da 'yan kai ka fara gudun ruwa. Na kawo maka kwano, maƙogwaronka ya shaƙe, ka buge shi ya daki bango. Ƙannenka uku suka danne ka, suka ɗaure ka da igiyar shanu a turken tsakar gida. Ka yi ta fizga har igiyar ta ci naman hannuwanka. Ka tauna leɓenka. In hankalinka ya dawo sai ka roƙe ni in janye Hadiza kada ta gan ka haka. Wa ya kamata a ɗaure a turken nan, kai ko ni?

Ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Daga maƙabarta samari suka wuce da gora da adda, gida gida. Ba su bar kare ba, ba su bar kyanwa ba, har 'yan kwikwiyon da ba su buɗe ido ba. Suka tara su bayan gari suka cinna wuta. Warin ya kwana uku. Hadiza ta cusa kyanwarta cikin rumbu, ta zauna a bakinsa har suka wuce.

Yau da safe na sa kyanwar a kwali, na hau motar Ƙaura. Ko mutum ɗaya bai tare mu ba. Kafin hantsi muna can. Likitan ya yi mata allura, ya ce in dawo da ita baɗi, da kowace shekara. Na tambaye shi labarin mutumin da mahaukacin kare ya ciza, in ya zo washegari. Ya dube ni, ya ce da ya tashi.

Mahaifiyarka har yanzu tana sa mini albarka don jinyar da na yi maka. Gobe zan je in durƙusa gabanta in faɗa mata. Amma kai na fara gaya wa, don kai na yi wa.

Allah Ya haskaka kabarinka. In ana yafewa daga can, ka yafe mini.

Matarka,
Asabe