A Bar Wa Inna Muryar Yaya Habibu

Zuwa ga Yaya Isuhu, mai kula da shafin Rumfar Kirifto ta Ader.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Zalika, ƙanwar abokinka marigayi Habibu, wadda ke ajiye muku shayi a bakin zaure ta ruga da gudu. Har yau ban iya kallon idonka, shi ya sa na rubuta. Na sa wasiƙar nan a fili a shafin kuma don saƙonnina na waya sun daɗe ba amsa.

Na ɗaya. Ina so sabbin shiga su san mafarin Rumfar nan. A zauren gidanmu na nan Tawa aka haife ta, kan tsohuwar ordinatar nan, kwamfutar da sai an tokare bayanta da bulo. Yaya Habibu ya ce samarin Ader suna afkawa harkar kirifto ido rufe don duk bayanin da Faransanci yake, shi zai yi musu da Hausa. Ni ina gefe da littafin soyayya ɓoye cikin kayena na lakkwal, wato littafin rubutuna na makaranta, kunnena yana wurinku. Ban gane rabin abin da kuke faɗa ba, amma na gane dariyarku. Kuma bari in faɗa, ko da kunya: duk littafin da na karanta, in an zo kan amintaccen abokin jarumi, fuskarka nake sa masa.

Na biyu. Kowane darasi da murya Yaya yake ɗauka, kuma ba ya farawa sai ya ce Inna ta toshe kunnenta, za a yi zancen kuɗin da ba a ƙullewa a bakin zane. A wasu ma ana jin Inna daga madafa tana ce masa ɗan banza. Ana jin zakaranmu. Ana jin ka kana tari.

Na uku. Ranar da zai tafi biɗar arziki Abijan ina tsaye bayan labule lokacin da ya ba ka kod ɗin shafin, lambar sirrin shigarsa. Bai ce ya ba ka kyauta ba. Cewa ya yi ka riƙe masa kamar gonarmu ta Barmu da ke hannun Kawu. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san aron gona: ka noma, ka ci abin da ta bayar, ba mai tambayarka ko zangarniya, amma ba ka sayar da ita, ba ka sare itacen da ka tarar a ciki. Ban taɓa ƙyashin abin da kake samu na tallace-tallace ba. Ka wahala, Allah ya sani. Da zazzaɓi ya ɗauke Yaya a can, kai ka hana Rumfar faɗuwa.

Na huɗu, nan ne kukana. Bayan ƙaramar salla sunan Yaya ya ɓace daga saman shafin. Sai ɓangaren tsofaffin darussa ya rufe. Yanzu ga sanarwarka cewa wasu baƙi za su sayi shafin su karɓe shi a ƙarshen watan nan, za a share duk abin da ya tsufa. Yaya Isuhu, wayar Habibu ba ta dawo daga Abijan ba. Muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai a hannunka. Ban taɓa tunanin sauke ta a wayata ba, don na ɗauka abin da ke wurinka yana gida.

Mutanen Barmu da Kalfu da Bambeye ba don kyan shafin suka shigo ba. Sun yarda da Habibu ne, shi kuma ya yarda da kai. Ba ka tambayi kowa ba kafin ka miƙa su ga mutanen da ba su san sunansa ba.

Roƙona kaɗan ne. Ka dakatar da sharewar. Ka buɗe darussan ko na yini guda in kwashe su. Ka mayar da sunan wanda ya kafa Rumfar inda yake. Batun sayarwa kuma ka kawo shi gaban ƴan Rumfa su faɗi nasu.

Kowace Juma'a in maza sun tafi masallaci, Inna takan shimfiɗa tabarma ta ce in kunna mata ɗan banzan nan. Tun da ka rufe, ce mata nake babu rezo, waya ba ta kamawa. Makon jiya ta ce in hau katanga ko zai kama, na hau, na ɗaga wayar sama tana kallona. Ba ta san komai ba, har yanzu tana sa maka albarka tare da shi. Juma'a na tafe, ban san me zan ce mata ba.

Allah ya buɗa maka ta hanyar halal, ya raya maka zuri'a, ya jiƙan abokinka.

Wassalam, ƙanwarka,
Zalika, Tawa.