Itacen Jego a Gidan da Ba Ciki

Mama mai ba da shawara, ina gaishe ki cikin sunan Almasihu. Ki taimake ni don Allah, bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina. Ki yi haƙuri da rubutun, lakwal ɗina, wato karatun boko, a aji huɗu ta tsaya, ranar da mushe, malamin ajinmu, ya gane ban da ba mutane dariya ba abin da na iya.

Ni mai gadi ne a wata lakwal a nan Gure. Mu Kirista a garin nan, in mun taru ranar Lahadi tabarma uku ta ishe mu. Yara duk Baba suke ce mini, na majami'a da na unguwa, amma da magariba kowa ya san gidan ubansa. Ni da matata mun haura shekara goma sha biyar da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Ga abin da na yi. Aka yi wa maƙwabcina Burahima haihuwa, ɗan ƙauyenmu ne, abokin wasana tun muna yara. Ranar suna ana fiɗar rago sai ya soma tsokanata a gaban jama'a, wai yaushe zan rama masa naman da nake ci a gidansa, ko addinin namu ya hana haihuwa ne. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, don sana'ata ke nan. Sai na ji bakina ya ce masa ya wasa wuƙarsa, kafin damina ta faɗi zai ci nawa. Allah ya sani wasa nake yi. Amma ba wanda ya yi dariya. Sai hannuwa ta ko'ina, ana yi mini barka, wani tsoho har da ƙwalla. Ni kuwa Mama, daɗin abin ya kama ni. Ban taɓa sanin yadda barka take a tafin hannu ba. Na miƙa hannu na karɓa.

Kafin in isa gida mata sun riga ni. Ranar Lahadi fasto ya ce a tashi a yi waƙar godiya, Ubangiji ya tuna da gidana. Matata na zaune kai a sunkuye, mata na taɓa juna wai kunyar cikin fari ce. Tun ranar ba ta sake taka majami'a ba. Ta ce ba za ta tsaya gaban Allah da cikin ƙarya ba, kuma ba za ta tona mini asiri ba, ni na faɗa, ni zan janye. Tuwo tana ajiye mini, magana kuwa babu.

Wanda ya fi ci mini rai na tsohuwata ne. Tana ƙauye wajen Bune, musulma ce. Ina saurayi na karɓi baftisma, tun da aurena ya daɗe shiru take cewa hannun Allah ne a kaina don na bar hanya. Ko ruwan gidana ba ta taɓa sha ba. Makon jiya sai ga Aisami mai raƙumi ya sauke itace a ƙofata, busasshe mai kauri, na wankan jego. Itace a ƙasarmu ba a bakin hanya ake tsintarsa ba. Tsohuwa da ciwon gwiwarta ita ta bi tuddan rairayi ta tara shi. Ta aiko a gaya mini ashe Allahn namu ma yana ji, kuma da kanta za ta zo ta yi wa matata wanka.

Yanzu itacen na jingine a tsakar gida. Matata kewaye shi take yi, da kara take girki. Ni kuwa kullum da safe sai na rusuna masa kamar suruki.

An ba ni labarin bayin Allah da suka haihu da furfura har na haddace, furfurar dai na samu. Dangi sun kawo layu na ƙi, sun ce in ƙara aure na ƙi, ina cika baki Ubangijina zai amsa. Yanzu in na durƙusa addu'a ji nake kamar mai sallama a gidan da aka tashi. Sau ɗaya tak uwata ta yabi Allahn da nake bi, shi ma a kan ƙaryata. In na faɗi gaskiya na ba ta hujjar da ta daɗe tana nema. In na yi shiru watanni za su faɗa mata. Matata kuma ta ce in tsohuwa ta iso ban gyara ba, ɗaki za ta tarar ba kowa. Har na yi tunanin in ce ɓari aka yi. Ki ce mini wani abu, dariyata ta ƙare.

Baban yaran mutane, Gure

AMSA

Ɗan'uwa, a farkon wasiƙarka na yi dariya, a ƙarshenta ban yi ba. Ban ɗauke ka maƙaryaci ba. An daɗe ana sukar ka a wuri ɗaya, ka ɗanɗani barka, ka kasa sakinta. Amma dubi yadda aka raba abin: kai ka sha hannu, matarka ta sha kallo. A jikinta ake neman cikin, ba a naka ba.

Maganar ɓari ka cire ta daga ranka. Za ka zaunar da baiwar Allah tana karɓar jajen ɗan da ba a yi ba, bayan shekarun da ta yi tana kukan rashinsa.

Da ita za ka fara. Ka zauna ka roƙi gafararta, ba da barkwanci ba, ka bar ta ta faɗi duk abin da ta haɗiye. Sannan ka sami fasto, ranar Lahadi ka miƙe da ƙafarka ka gyara maganar a inda aka yi waƙar. Burahima ma ya ji daga bakinka, ya kuma ji cewa wasan nan ya isa haka. Wani abu kuma: ba ka ce mini likita ya taɓa duba ka ba. Ku je asibiti a Damagaram ku biyu, kai ma a gwada ka.

Ba zan yi maka alkawarin ɗa ba. Na san masu bi na ƙwarai da suka tsufa ba su samu ba, kuma Ubangiji bai yashe su ba. Ka ƙi laya, ka riƙe matarka duk shekarun nan, wannan ma bangaskiya ce ko da ba ka jin daɗinta yanzu. In addu'a ta bushe, ka gaya masa ta bushe. Ba ya bukatar ƙaryarka don kare sunansa a gaban mahaifiyarka.

Ita kuwa, mai yiwuwa ta faɗi abin da kake tsoro. Ka bari ta faɗa, kada ka yi gardama. Amma ka tuna, ba don addininka ta hau tuddan nan da ciwon gwiwa ba, kewar ɗanta ce ta kai ta.

Itacen kada ka ƙona shi, kada ka mayar ta hannun Aisami. Bashi ne a kanka, ba kuma da kuɗi ake biyansa ba. Ka nemi izini a wurin aiki, ka tafi ƙauye kafin tsohuwa ta ɗaure kayanta, ka durƙusa a gabanta ka ce Inna, babu ciki, ni na yi ƙarya, amma gidana yana bukatarki ko ba jego. Allah ya ba ka ƙarfin faɗa, ya sanyaya zuciyar matarka, ya sa tsohuwa ta sha ruwan gidanku.